Kirsimeti a Ƙarƙashin Dokar Ta-ɓaci: Begen da Ake Nema Daga Sokode Zuwa Dapaong

Da zarar watan Disamba ya raba, babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta miƙe arewa har iyakar Burkina Faso takan cika da masu komawa gida. Ma'aikatan gwamnati, ɗaliban jami'o'in Lome da Kara, 'yan acaɓa da suka gangara kudu neman na tuwo, da samarin da suka yi ci-rani a gonakin Gana da Kodebuwa, kowa da ƙullinsa: ɗan buhun shinkafa, turmin atamfa na inna, takalman yara. Wasu su sauka a Sokode bayan tafiyar kilomita kusan 340. Wasu su wuce Kara da Mango, sai Dapaong, fiye da kilomita 600 daga bakin teku. Hunturu ya sauka, an gama girbin gero da dawa, auduga na jiran awo, zabi sun fara tsada a kasuwa. Bisa al'ada, wannan ne lokacin da talakan arewacin Togo yake ɗan numfasawa.

Amma 'yan shekarun nan tafiyar ta canja kama. Akwai waɗanda yanzu iyakarsu Dapaong, domin ƙauyen da ya kamata su ƙarasa, can cikin gundumar Kpendjal, ya zama kufai, iyayen da za su gaisar kuma suna raɓe a gidan wani a gefen gari. Akwai waɗanda suka iso hannu na dukan cinya, suna jin kunyar haɗa ido da ƙannensu. Waɗannan mutane su ne za su cika majami'u a daren 24 da safiyar 25 ga wata, su ji an ambaci bege, an ambaci salama. To, me mai wa'azi zai faɗa wa matar da ta binne mijinta bara, ta baro rumbunta cike, wanda ba zai zame mata cin fuska ba?

Amsar da nake da ita guda ce, kuma a kanta wannan sharhi ya tsaya. Begen da Kirsimeti yake koyarwa a cikin wahala aka haife shi, kuma ana gane shi ne ta aikin da yake sa mutum ya kama tun wahalar ba ta kau ba. Duk wani bege da aka gina a kan ɓoye gaskiya, ko cin bashi, ko ƙin maƙwabci, ba zai kai watan Janairu ba.

Yadda aka wayi gari a nan

Togo ta hango wutar tun kafin ta iso. A watan Satumba na 2018 gwamnati ta girke rundunar Koundjoare a iyakar arewa, ganin yadda gabashin Burkina Faso yake rikicewa. A watan Nuwamba na 2021 aka kai farmaki a Sanloaga, cikin Kpendjal, sojoji suka kori maharan. A daren 10 ga Mayu na 2022, wayewar 11, aka afka wa sansanin Kpekpakandi, sojoji 8 suka rasu, 13 suka ji rauni, ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida ta ɗauki alhaki. Ranar 13 ga Yuni na shekarar aka kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin Savanes na arewa baki ɗaya, aka kuma yi ta sabunta ta. Bayan wata guda, a ƙauyen Margba, yara 7 suka mutu cikin dare, daga baya rundunar soja ta fito ta amsa cewa jirginta ne ya harbe su bisa kuskure, an ɗauka 'yan bindiga ne. A Fabrairu na 2023 an kashe fararen hula fiye da 30 a Tola da Gningou. A Afrilu na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Faure Gnassingbe, da bakinsa ya ce an rasa fararen hula kimanin 100 da sojoji kimanin 40. A Yuli na 2025 kuma ministan harkokin waje Robert Dussey ya ce daga farkon shekarar an kashe fararen hula 54 da sojoji 8.

Alkaluma ba sa faɗin sauran labarin. Ba sa faɗin nakiyar da ake binnewa a hanyar kasuwa, da garken shanun da ake korawa cikin dare, da makarantar da aka rufe, da gonar da damina ta wuce ba a sa mata fartanya ba. Dubban mutanen Kpendjal sun bar gidajensu, dubun-dubatar 'yan Burkina Faso sun tsallako iyaka, kuma yawancinsu ba a sansani suke ba, a gidajen jama'a suke, suna cin tuwo ɗaya da masu gida. Su kuwa masu gidan da ma ba ƙoshi suke yi ba. Binciken da aka yi kan rayuwar iyalai tsakanin 2018 da 2019 ya nuna kusan kashi 65 cikin 100 na mutanen Savanes suna cikin talauci, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 45 ne da ɗoriya. Wato yankin da ya fi kowane yanki talauci shi aka ɗora wa baƙi mafi yawa.

Sokode ba ta jin ƙarar bindiga irin ta Kpendjal, amma tana da nata ciwon. Gari ne na Tem, waɗanda aka fi sani da Kotokoli, kuma Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa. Kakanninmu fatake sun san wannan ƙasa tun zamanin ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma unguwar Didaure ta samo asali ne daga zaman 'yan kasuwa baƙi, har da Hausawa. Garin bai manta da 2017 ba: zanga-zangar 19 ga Agusta da jam'iyyar adawa ta Tikpi Atchadam ta kira, da tarzomar da ta biyo bayan kama wani babban limami a watan Oktoba, da rayukan da aka rasa, da matasan da suka gudu suka bar gida. A yau damuwar mai iyali a Sokode ita ce aikin yi da tsadar kaya. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a farkon 2023, amma mutum nawa ne a garin ke karɓar albashi? Mai ɗinki, mai sayar da doya, ɗan acaɓa da makaniken da ke jiran manyan motocin Burkina da Nijar, duk abin da rana ta kawo shi ne nasu.

A tsakanin Sokode da Dapaong Kiristoci suke zaune, ba su ne masu rinjaye ba. Ɗarikar Katolika ta kafa yankin Sokode a 1937, ya zama dayosis a 1955. Aka yanke Dapaong daga cikinsa a 1960, shi ma ya zama dayosis a 1965. Babbar majami'ar Sokode tana ɗauke da sunan Tereza, ta Dapaong kuma da sunan Charles Lwanga, saurayin nan na Yuganda da aka ƙona saboda bangaskiyarsa a 1886. Ga kuma 'yan Assemblies of God, da Baptis, da sauran ikkilisiyoyi ƙanana a kowace unguwa. Bishof Célestin-Marie Gaoua a Sokode da Bishof Dominique Guigbile a Dapaong duk a 2016 aka naɗa su, wato kusan duk wa'adinsu ya faɗo cikin waɗannan shekaru masu nauyi.

Jabun bege iri uku

Idan mutum yana cikin ƙunci, masu tallan bege sukan yi masa yawa, kuma uku daga cikin hajarsu sun fi ciniki a watan Disamba.

Na farko shi ne begen da ake saye a kasuwa. An mai da Kirsimeti ranar awon arziki: wa ya yanka akuya, wa ya ɗinka wa 'ya'yansa sababbin kaya, gidan wa aka ji ƙamshin shinkafa da nama. Ba laifi ba ne iyali su ci mai daɗi su yi ado. Biki biki ne. Laifin yana farawa ne inda uba ya sayar da hatsin da zai kai shi damina, ko uwa ta kwashe adashen da ta tanada don kuɗin makaranta, ko a ci bashi da ruwa, don kada maƙwabta su yi dariya. Janairu na zuwa, makaranta ta buɗe, mai bashi ya yi sallama a ƙofa, murnar kwana ɗaya ta zama baƙin cikin wata shida. Ikkilisiyar da ta bar gasar anko ta hana gwauruwa zuwa sujada ranar Kirsimeti, domin ba ta da na sayen zanen, ta kori ainihin wadda bikin ya zo dominta.

Na biyu shi ne begen da ake sayarwa a kan mumbari. Daren 31 ga Disamba ya zama kakar wasu masu kiran kansu annabawa: kawo baiko na musamman, shekara mai zuwa za ka sayi mota, ba za ka yi ciwo ba, maƙiyanka za su faɗi. Talaka ya ba da ɗan abin da ya rage masa. Shekara ta zagayo ba mota, ciwo bai fasa zuwa ba, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza. An cuce shi sau biyu: an karɓe kuɗinsa, an kuma ɗora masa laifin wahalarsa. Mutumin Kpendjal da ya rasa gonarsa bai rasa ta don ƙarancin addu'a ba. Ya rasa ta ne domin wasu mutane ɗauke da bindiga sun shigo ƙauyensu.

Na uku ya fi sauran wuyar ganewa, domin yana sanye da rigar ibada. Shi ne a ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri kawai, ya rufe baki, wai Kirista ba ya kuka, ba ya tambaya. Haƙuri babban abu ne, kuma mu Hausawa mun san mahaƙurci mawadaci ne. Amma haƙurin da ake nufi shi ne jimrewa a kan hanyar gaskiya. Idan aka mai da shi murfin da ake rufe tambayar uwa game da yadda ɗanta ya mutu, an ɓata shi. Littafin Zabura cike yake da koke-koke, mutane suna kai ƙararsu gaban Allah ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma ba a ce sun yi saɓo ba.

A sake karanta labarin

Maganin waɗannan jabun yana cikin labarin haihuwar Yesu kansa, idan aka karanta shi ba tare da kwalliyar katin gaisuwa ba. Luka ya ba da labarin cewa umarnin ƙidaya ne daga Kaisar Augustas ya tilasta wa Yusufu da Maryamu barin Nazarat zuwa Baitalami, tana da tsohon ciki. Hukuncin wani babba a can nesa ya sa talaka a hanya. Ba su sami masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji, mutanen da 'yan birni ba sa ɗauka da daraja. Da suka je haikali, hadayar da iyayen suka miƙa ta tsuntsaye biyu ce, wadda shari'a ta yardar wa wanda bai da halin sayen tunkiya. Matiyu kuma ya ƙara da abin da ba a cika so a karanta wa yara ba: Hirudus ya sa aka karkashe 'yan yara maza na Baitalami, Yusufu ya tashi cikin dare ya gudu da iyalinsa Masar.

Duk wanda ya kwana a garuruwan iyaka irin su Manduri ko Sinkase a 'yan shekarun nan zai gane wannan labari ba tare da tafinta ba. Tashin dare, goyon jariri, tsallaka iyaka, zama a ƙasar da ba a jin harshenka, duk suna ciki. Bangaskiyar Kirista tana cewa Allah da kansa ya zaɓi ya shigo duniya ta wannan ƙofa. Idan haka ne, matar da ke zaune a ƙarshen benci da zanen bara ta fi kowa kusa da tsakiyar bikin.

Kalandar ikkilisiya ma ba ta ɓoye wannan ba. Kashegarin Kirsimeti, 26 ga Disamba, ranar tunawa da Istifanus ce, wanda aka jajjefe har ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara. Ranar 28 kuma ta yaran Baitalami ce. Magabata sun jera murna da makoki a mako guda da gangan. Saboda haka wanda ya kasa yin dariya a wannan lokaci ba raunin bangaskiya gare shi ba, kuma limamin da ya ambaci sunayen waɗanda aka rasa a cikin sujadar Kirsimeti bai ɓata bikin ba. Iyayen yaran Margba suna da wuri a cikin wannan mako.

Akwai kuma wani labari a Tsohon Alkawari da ya dace da Savanes ƙwarai. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, annabi Irmiya yana tsare, kowa ya san birnin zai faɗi. A wannan halin ya sayi gona a Anatot daga hannun ɗan'uwansa, ya auna azurfa shekel 17, aka rubuta takarda gaban shaidu, ya sa aka adana ta a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Bai musanta yaƙin ba, shi ne ma ya fi kowa faɗin gaskiyarsa. Amma ya sa kuɗinsa a kan cewa wata rana za a sake noma a wurin. Manomin ƙasarmu ya san wannan hikima: ko yunwa ta kai ina, akwai damin irin da ba a taɓawa, domin wanda ya cinye iri ya cinye baɗi. Begen Kirista ke nan, abin da ake keɓewa a tsare shi yau saboda amincewa da Mai kawo damina.

Waɗanda suka riga suka nuna hanya

Dapaong ba ta buƙatar aro misali daga waje. A tsakiyar shekarun 1990, lokacin da cutar ƙanjamau take kashe mutane a ɓoye, iyalai suna gudun marasa lafiyarsu, wata sista 'yar yankin, Marie-Stella Kouak, ta rasa ɗan'uwanta ta sanadin cutar. A 1999 ta jagoranci kafa ƙungiyar Vivre dans l'Espérance, wato rayuwa cikin bege. A farkon aikin babu magani a hannunsu. Abin da suke iya yi shi ne su wanke majinyaci, su ciyar da shi, su zauna da shi har ya cika, sannan su ɗauki 'ya'yan da ya bari. Wanda ya kalli aikin a lokacin zai ce wahalar banza ce. Amma ƙungiyar ta kai ga kula da marayu fiye da dubu, Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya, magani ya zo daga baya, kuma yaran da aka ɗauka a goye sun girma sun zama masu sana'a da iyali. Ba su jira magani ya iso kafin su fara ƙauna ba, shi ya sa da maganin ya iso ya tarar da mutane a raye.

A Mango, garin da ke tsakanin Kara da Dapaong, wanda shi ma Musulmi suka fi yawa, 'yan mishan na Baptis sun buɗe Asibitin Bege a 2015. Shekara guda bayan haka zazzaɓin Lasa ya kashe ɗaya daga cikin jagororinsa, Todd DeKryger. Asibitin bai rufe ba, kuma marasa lafiya suna zuwa har daga Burkina Faso da Gana da Benin. A ranar 15 ga Fabrairu na 2019 kuma aka harbe Fada Antonio César Fernández, ɗan Sifen na ƙungiyar Don Bosco, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Togo, a shingen kwastan na Nohao cikin Burkina Faso, yana komawa daga taro a Lome. 'Yan'uwansa ba su tattara sun bar yankin ba.

Sai kuma waɗanda ba a san sunansu ba, waɗanda a ganina su ne suka fi kowa. Mai gidan da ya buɗe wa baƙi goma ɗakin ajiyarsa. Matan zumunta da ke tara kwano-kwano na masara. Katikis ɗin da ya gudo tare da jama'arsa, yana tara su a ƙarƙashin bishiya ranar Lahadi domin majami'arsu ta ƙauye ba ta shiguwa. Ma'aikatan OCDI, reshen agaji na Katolika a Togo, da ke rarraba abinci ba tare da tambayar addinin mai karɓa ba. Babu ɗayansu da ya san ranar da rikicin zai ƙare.

Salamar da ba ta tsallake maƙwabci

Masu ɗauke da makamai a Sahel suna da dabara da suka gwada a Mali da Burkina Faso ta yi musu aiki: su nemi tsohuwar ɓaraka tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin wannan ƙabila da waccan, su faɗaɗa ta. Idan aka kai hari, sai zargi ya faɗa kan duk wani Bafulatani, ko duk mai gemu da rawani. Aka tsangwami marar laifi, aka hana shi kasuwa, aka kama ɗansa ba dalili, sai a tura shi hannun waɗanda ake tsoro. Gaskiyar kuwa ita ce Musulmi da Fulani suna cikin waɗanda aka kashe, aka sace wa shanu, aka kora daga gida. Kiristan da ya yi waƙar makiyayan Baitalami da safe, ya ƙi amsa gaisuwar makiyayin unguwarsu da yamma, bai ji abin da ya rera ba.

Mu da muke karanta wannan daga Kano, Zariya, Maraɗi ko Damagaram mun san inda hanyar take ɓullewa. Mun ga bam ɗin Madalla a ranar Kirsimeti ta 2011. Mun ga majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairu na 2015. Mun ga kisan jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barikin Ladi. Mun kuma ga yadda ramuwar gayya ke haifar da wata ramuwar, har a rasa wanda ya fara. Arewacin Togo bai kai can ba, kuma arzikin da yake da shi shi ne zaman cuɗanya: a Sokode gida guda kan haɗa Musulmi da Kirista, nama yakan tsallaka katanga da Babbar Salla, shinkafa ta dawo da Kirsimeti. Wannan kwanon abinci da yaro ke kaiwa maƙwabta yana cikin abubuwan da ke tsare garin, kuma shekarar da ake fargaba ita ce shekarar da bai kamata a fasa aika shi ba.

Salama kuma ba ta rabuwa da gaskiya. Amsa kuskuren Margba da sojoji suka yi ya fi shiru amfani ga ƙasar, domin jama'ar da aka gaya wa gaskiya ita ce ke yarda ta ba da labari idan ta ga baƙon ido. Bishof-bishof na Togo sun saba magana a kan al'amuran ƙasa. A Maris na 2024 sun roƙi shugaban ƙasa ya dakata da sa hannu a kan sabon tsarin mulki har a saurari jama'a. Irin wannan murya ake buƙata a kan Savanes: a yi wa sojojin da ke ba da ransu addu'a, a ta'azantar da iyalansu, a kuma tambaya cikin ladabi da naciya ina aka kwana a kan shirin gaggawa na yankin da gwamnati ta ƙaddamar a 2022, rijiyoyi nawa, azuzuwa nawa, hanyoyi nawa, kuma yaushe mutanen Kpendjal za su koma gonakinsu.

Ga mai cewa bege ba ya cika ciki

Wani zai ce duk wannan daɗin baki ne: bege ba ya tone nakiya, addu'a ba ta biyan kuɗin makaranta. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Tsaro aikin hukuma ne, kuma ikkilisiyar da ta sa mutane suka daina neman haƙƙinsu ta yi musu illa. Amma a duba wanda masu bindiga suke nema su ɗauka: saurayin da ya yanke ƙauna, wanda ya gama gaskata cewa ba gona, ba aiki, ba aure, ba wanda ya damu da shi. Babur da 'yan kuɗi kaɗan sun isa su saye shi. Yanke ƙauna shi ne jarinsu. Duk wanda ya sa yaro ɗan gudun hijira a aji, ya koya wa budurwa ɗinki, ya ba magidanci aron fili ya shuka tumatir da rani, ya rage musu wannan jari. Ta wannan fuska bege yana cikin harkar tsaro tsundum.

A cikin zuciyar mutum ɗaya ma haka abin yake. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa mutanen Filibi wasiƙar da ta fi sauran wasiƙunsa ambaton farin ciki. Sarƙa tana ƙafarsa, bai kuma san yadda shari'arsa za ta ƙare ba. Kwanciyar ransa ta fito ne daga sanin wanda yake riƙe da shi. Kirista a Dapaong na iya kwana da fargaba, ya farka da ita, amma ya ƙi barin ta ta zaɓa masa wanda zai ƙi da wanda zai taimaka. Wanda abin ya fi ƙarfinsa, barci ya ƙaurace masa, yana firgita da ƙarar babur, a kai shi ga ma'aikacin lafiya kamar yadda ake kai mai zazzaɓi, a kuma ci gaba da yi masa addu'a. Ɗayan bai hana ɗayan ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, abin da nake roƙo a bana ba mai tsada ba ne. Kowace ikkilisiya ta rage kuɗin ado da na anko, ta keɓe baikon Kirsimeti don kuɗin makarantar yaran da suka baro ƙauyukansu. Kowane gida da Allah ya hore wa tukunya ya kira iyali guda na baƙi su ci tare a tabarma ɗaya, maimakon a miƙa musu saura a bakin ƙofa. Fastoci da fada-fada su je gaisuwa wurin limamai da arɗon Fulani kafin wani abu ya faru. A ambaci matattu da sunansu, a bar mai kuka ya yi kukansa. Mai iyali kuma ya ji a ransa cewa tuwon dawa da miyar kuka da aka ci ba bashi bai rage wa haihuwar Almasihu komai ba. 'Yan'uwa na Lome, Akara, Kano da Turai da ke aiko da kuɗin biki su tambaya ko a raba shi biyu, rabi na shinkafa, rabi na taki da iri.

Ba mu da ikon sa ranar da za a ɗage dokar ta-ɓaci, ba kuma mu ke yanke farashin shinkafa ba. Abin da ke hannunmu shi ne yara nawa za su koma aji a Janairu, gidaje nawa za su shiga sabuwar shekara ba mai bin su bashi, da maƙwabta nawa za su ce Kiristocin unguwarsu ba su juya musu baya ba a shekarar tsoro. Da waɗannan za a auna ko begen da muka yi wa'azinsa gaskiya ne. Allah ya ba arewacin Togo zaman lafiya, ya ba mu ƙarfin yin namu rabon aikin.